Janar Sosabowski da gadar Arnhem: yadda laifi ya faɗa kan wanda ya yi gargaɗi

A watan Oktoban 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, kwamandan sojan Birtaniya Fil Mashal Bernard Montgomery ya rubuta wasiƙu biyu a kan runduna guda. Ta farko ya aika wa kwamandanta, Janar Stanisław Sosabowski, ranar 5 ga wata, yana yabon yadda sojojin laima na Polan, waɗanda ake jefowa daga jirgin sama, suka yi yaƙi a Holan, har da batun ba wasu daga cikinsu lambar yabo. Ba a cika mako biyu ba ya rubuta ta biyu zuwa ga shugaban hafsoshin sojan Birtaniya, Alan Brooke. A cikinta ya ce 'yan Polan ɗin ba su taɓuka abin kirki ba, ba su nuna niyyar yaƙi ba muddin akwai kasadar rai, kuma shi ba ya son su a ƙarƙashinsa, in an ga dama a tura su Italiya wajen 'yan'uwansu. Tsakanin wasiƙun nan rundunar ba ta gwabza wani sabon babban yaƙi ba, balle a ce a nan ta ba da kunya. A ganina abin da ya canja ɗaya ne: girman asarar da aka tafka a Arnhem, garin Holan da aka je kama gadarsa aka kasa, ya fito fili, an kuma fara neman wanda zai ɗauki kayan.

Mutumin

An haifi Sosabowski ranar 8 ga Mayu 1892 a garin Stanisławów, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari, yau kuma yana cikin Yukren da sunan Ivano-Frankivsk. Ba ɗan masu hali ba ne. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya kuma rasu ya bar shi yana yaro, sai ya riƙa koyar da 'ya'yan mutane darasi yana tallafa wa gida. An ɗauke shi soja a 1913, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya same shi a fagen daga da Rashawa, a 1915 ya ji mummunan rauni. Da Polan ta samu 'yanci a 1918 ya shiga sabuwar rundunarta. Raunin ya sa aka ajiye shi a aikin hedikwata, a nan ya ƙware a fannin da hafsoshi da yawa ke gudu, wato yadda ake kai wa soja abinci da harsashi da mai da abin hawa. Ya yi shekaru yana koyar da wannan fanni a babbar kwalejin yaƙi ta Warsaw. Duk tambayoyin da suka ɓata tsakaninsa da Turawan Ingila daga baya irin na malamin wannan fanni ne: da me za a kai mutanen, jirage nawa ne, kwale-kwale nawa ne, in aka makara fa?

Da Jamus ta auka wa Polan a Satumban 1939, yana kanar mai riƙe da rejimanti ta 21 ta sojan ƙasa. Ya yi yaƙi a arewacin Warsaw, ya janyo mutanensa cikin tsari zuwa babban birnin, suka riƙe unguwar Grochów har ranar da birnin ya miƙa wuya. Aka ba shi Virtuti Militari, babbar lambar jarumta ta ƙasarsa. Jamusawa suka kama shi, ya tsere daga sansanin fursunoni, ya shiga ƙungiyar gwagwarmayar ɓoye, daga nan ya bi ta Hangari ya isa Faransa. Da Faransa ita ma ta faɗi a Yunin 1940, ya tsallaka Birtaniya ta ruwa tare da dubban sojojin Polan.

A Sikotlan aka ba shi wata birged wadda kusan suna ce kawai, hafsoshi sun yi yawa, ƙananan sojoji ba su taka kara sun karya ba. Maimakon ya bar su suna gadin gaɓar teku, sai ya ƙudura mayar da su sojan laima, waɗanda ake jefowa daga jirgin sama a bayan abokan gaba. A harabar wani tsohon gida mai suna Largo House a yankin Fife suka gina filin horo da hannunsu, suka kafa hasumiyar koyon dira. Shi kansa ya yi dirarsa ta farko yana ɗan shekara 49. A Satumban 1941 Janar Władysław Sikorski, firayim ministan gwamnatin Polan mai gudun hijira a Landan kuma babban kwamandan sojanta, ya ayyana su a matsayin birged ta farko ta sojan laima. Aikin da aka tanadar mata guda ne: ranar da mutanen Polan suka tashi yi wa Jamusawa bore, ita za ta fara sauka a gida. Saboda haka ta zauna a hannun gwamnatin Polan kai tsaye, ba a hannun kwamandojin Birtaniya ba.

Wannan ne mafarin tsamin dangantaka. Birtaniya na ciyar da sojojin nan, tana ba su jiragen horo, tana kuma ganin ƙwararrun mayaƙa sama da dubu biyu zaune alhali ana shirin tsallakawa Turai. Wanda ya fi matsa lamba shi ne Laftana Janar Frederick Browning, wanda ya gina rundunar sojan laima ta Birtaniya tun daga tushe, ɗan makarantar Eton, hafsan dakarun tsaron fadar sarki, mutum mai tsafta da iya zama da manya. Sosabowski kuwa bai iya lallashi ba. Abin da ke ransa shi ke bakinsa, ko a gaban wa. A Yunin 1944 gwamnatin Polan ta sakko, ta miƙa birged ɗin ga Birtaniya. A watan ne kuma aka ƙara wa Sosabowski girma zuwa janar.

Ranar 1 ga Agusta Warsaw ta yi bore. Ranar da aka kafa rundunar dominta ta zo, amma rundunar ba ta hannun masu ita. Sojojin suka roƙi a kai su, aka ƙi, wasu har yajin cin abinci suka yi. Gaskiya dalilan ƙin ba na banza ba ne: tazarar ta fi ƙarfin jiragen jigila su je su dawo da kaya, Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, kuma ya hana jiragen Birtaniya da ƙawayenta sauka a filayen da ke hannunsa. Sai dai a san halin da mutanen nan ke ciki lokacin da aka tura su Holan. Birninsu na ci da wuta. Ɗan Sosabowski na cikinsa, likita kuma mayaƙin ɓoye, yana can, a boren ne kuma ya rasa ganinsa.

Shirin, da tambayar da ba a so

A farkon Satumba Jamusawa na ja da baya a guje daga Faransa da Beljiyam, a hedikwatocin ƙawance kuwa an fara ganin kamar yaƙi ya ƙare. Montgomery ya so ya kewaye katangar tsaron Jamus ta arewa, ya tsallaka kogin Rhine a garin Arnhem, ya dira yankin Ruhr inda masana'antun makamai suke. Shiri na farko, mai suna Comet, ya ɗora wa dibishan ɗaya ta Birtaniya, wato babbar runduna mai mutum wajen 10,000, da birged ɗin Polan kama gadojin manyan koguna uku su kaɗai. A wajen taron bayani Sosabowski ya katse magana yana tambaya, Jamusawa fa, ina aka bar Jamusawa a lissafin nan? Ya je wajen Browning ya nemi a ba shi umarnin a rubuce, domin kada gobe a ce shi ya kai mutanensa ga halaka. An soke Comet ranar 10 ga Satumba, amma ba a manta masa ba.

Shirin da ya maye gurbinsa, Market Garden, ya ninka ƙarfin sau uku. Dibishan ta 101 ta Amurka za ta kama gadojin wajen Eindhoven, ta 82 ta kama na Grave da Nijmegen, ta ɗaya ta Birtaniya ƙarƙashin Manjo Janar Roy Urquhart, tare da 'yan Polan, ta kama ta Arnhem. Rundunar tankoki ta Janar Brian Horrocks kuma za ta biyo hanya guda tilo, kimanin kilomita 100, ta haɗe su cikin kwana biyu zuwa uku. Browning ne kwamandan dukkan sojojin laiman a filin yaƙi.

Kurakuran da suka kashe shirin tun a takarda suke. Jirage ba su isa ɗaukar kowa a rana ɗaya ba, aka kuma ƙi yarda a yi sawu biyu a yini, sai aka raba saukar Arnhem kwana uku. Filayen da aka zaɓa wa sojojin Urquhart suna da nisan kilomita 10 zuwa 13 daga gadar, domin hafsoshin sama na tsoron bindigogin kakkaɓo jirage kusa da gari, kuma an ce ƙasar da ke kudu da gadar fadama ce. Rahotanni sun nuna ragowar dibishan biyu na tankokin SS, mayaƙan jam'iyyar Nazi, ta 9 da ta 10, suna hutawa a kewayen Arnhem. Hafsan leƙen asirin Browning, Manjo Brian Urquhart, wanda ba dangin janar ɗin ba ne, ya nace a kan wannan batu, sai aka ce gajiya ce ta yi masa yawa, aka tura shi hutun jinya. Browning kansa ya ɗebi jirage marasa inji 38, irin waɗanda ake ja da igiya, don kai hedikwatarsa kusa da Nijmegen a rana ta farko, ranar da kowane jirgi ke da daraja a Arnhem. Ba ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da ta bi ta hannun Sosabowski. Nasa umarnin shi ne ya sauka a rana ta uku, 19 ga Satumba, a kudu da gadar, ya tsallaka ta, bisa zaton tana hannun 'yan Birtaniya.

An fara ranar Lahadi 17 ga Satumba. Bataliya ɗaya ce kawai, ta Laftana Kanar John Frost, da wasu 'yan tsiraru da suka biyo ta, duka ba su kai 800 ba, ta isa bakin gadar ta arewa. Sauran aka tare su a titunan gari, rediyoyinsu kuma suka ƙi aiki yadda ya kamata. A Nijmegen ba a kama babbar gadar kogin Waal a ranar farko ba, domin an fifita riƙe tuddan Groesbeek, sai da yammacin 20 ga wata ta shiga hannu. Mutanen Frost sun riƙe wurinsu har harsashi ya ƙare, gidajen da suke ciki suka ƙone, zuwa safiyar 21 ga wata an gama da su.

Driel

Duk wannan lokaci Sosabowski na Ingila, hazo ya rufe filayen jirage. Ranar 19 aka ɗage, ranar 20 aka sake ɗagewa bayan sojoji sun riga sun ɗaura laima. Manyan bindigoginsa na fasa tanka, waɗanda aka tura gaba cikin jirage marasa inji, sun sauka arewa da kogin, kashin da ya sauka ranar 19 kuma a tsakiyar musayar wuta ya faɗa, aka yi asarar akasarin kayan. Ranar 20 aka kawo masa sabon umarni cikin gaggawa: ba kusa da gada zai sauka ba, sai a ƙauyen Driel, can yamma, inda akwai jirgin fito da zai tsallakar da shi zuwa Oosterbeek, wurin da aka yi wa ragowar mutanen Urquhart ƙawanya. Ya nemi a tabbatar masa jirgin fiton yana hannu. Aka ce yana hannu.

Ranar Alhamis 21 ga Satumba jirage 114 suka tashi. Yanayi ya ɓaci a hanya, aka aika saƙon a juyo, wasu matuƙa suka gane saƙon wasu ba su gane ba. Jirage 41 suka koma da akasarin bataliya ta ɗaya. Da misalin ƙarfe biyar na yamma mutum kimanin 1,000 suka diro a gonakin Driel, Jamusawa na harbinsu tun suna sama. A wannan sa'a gadar Arnhem ta riga ta koma hannun Jamusawa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a duk lamarin, ban kuma ga yadda za a kewaye ta ba: an rasa abin da aka zo nema tun kafin ƙafar Sosabowski ta taɓa ƙasar Holan.

Wata 'yar ƙauyen mai aikin agaji, Cora Baltussen, ita ta fara gaya masa jirgin fiton babu shi. 'Yan leƙen da ya tura bakin ruwa suka tabbatar. Tudun Westerbouwing da ke tsallake, wanda daga kansa ana ganin mashigar duka, a ranar Jamusawa suka ƙwace shi. Cikin dare sai ga Kyaftin Ludwik Zwolański, hafsan Polan da ke hedikwatar Urquhart, ya ratso kogin da iyo, ya shigo jiƙe sharkaf, jikinsa duk taɓo. Saƙonsa shi ne a tsallako a daren, za a turo abin fito daga can. Suka jira a bakin ruwa har gabanin asuba, babu abin da ya zo. Sosabowski ya janye mutanensa cikin ƙauye suka haƙa ramuka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogi da damina, yana hango inda za shi amma babu mai fito, ya san rabin halin da suka shiga. Sauran rabin shi ne igwa da bindigogin mashinga da ke jiran duk abin da ya motsa a kan ruwan.

Washegari Jamusawa suka kawo hari kan Driel. Babu manyan bindigogi a hannun 'yan Polan. Sosabowski ya samu keken mata a ƙauyen, ya hau yana zagaya ramukan mutanensa ana ruwan harsashi, dattijo mai shekara 52. Da safiyar nan wasu motocin sulke na Birtaniya suka sulalo cikin hazo suka iso Driel, su ne na farko daga rundunar Horrocks, ya kuma matsa musu har suka taya shi korar maharan. Aka kafa asibitin gaggawa a ƙauyen, inda Cora Baltussen ta yi ta jinyar masu rauni.

A daren 22 aka gwada tsallakawa da wasu 'yan kwale-kwalen roba da ba sa ɗaukar fiye da mutum ɗaya ko biyu. An so a riƙa jan su da igiya, igiyar ta yi ta tsinkewa, sai aka koma tuƙi da hannu. Mutum 50 da 'yan kai suka tsallaka kafin wuta ta yi yawa. A daren 23 dibishan ta 43 ta Birtaniya ta kawo kwale-kwalen soja, amma sun iso bayan tsakar dare, babu matuƙa, kuma ba su kai girman da aka faɗa ba, dole aka sake rarraba mutane cikin duhu. Sojojin laima ba a koya musu tuƙin kwale-kwale ba. Sai da suka ɗauki jiragen a kafaɗa, suka haye ganuwar tare ambaliya, suka ratsa taɓo kafin su kai ruwa, ana haska sama ana harbinsu. Kimanin 150 suka kai. Waɗanda suka tsallaka suka shiga ramukan Oosterbeek suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da 'yan Birtaniya har ƙarshe.

Akwai wani amfanin saukarsu da ba a cika faɗa ba. Jamusawa sun ɗauka 'yan Polan za su nufi gadar ko su datse hanyar Nijmegen, sai suka kwashe mayaƙa sama da 2,000 suka girke su kudu da kogin. Waɗannan mayaƙa da a kan Oosterbeek za a zuba su. Riƙe Driel kuma shi ya bar wa mutanen Urquhart ƙofar da suka fita ta ciki daga baya.

Taron Valburg

Ranar Lahadi 24 ga Satumba aka kira taro a Valburg. Horrocks na nan, Browning na nan, da Manjo Janar Ivor Thomas na dibishan ta 43. Thomas ya karanto shawarar da aka riga aka yanke: bataliya ta 4 ta rejimantin Dorset ta Birtaniya za ta tsallaka a daren, a daidai tsohuwar mashigar jirgin fito, wato ƙarƙashin tudun Westerbouwing. Bataliya ta ɗaya ta Polan, wadda aka sake jefowa ranar 23 kusa da Grave, za ta bi bayanta a ƙarƙashin wani birgediya ɗan Birtaniya. An cire wa Sosabowski bataliya daga hannunsa ba tare da an shawarce shi ba, aka miƙa ta ga wanda bai kai shi muƙami ba, a gaban idonsa.

Ya miƙe ya yi magana. Ya ce ya kwana uku yana kallon wancan tsallaken, tura bataliya ɗaya nan jefa ta cikin wuta ne. In da gaske ana son ceto, a tsallakar da dibishan guda can ƙasa da Driel inda tsaron Jamusawa bai yi kauri ba, in kuwa ba za a iya ba, a janye mutanen Urquhart tun da sauran lokaci. Ya faɗa da zafi, ya kuma nuna ɓacin ransa a kan bataliyarsa. Horrocks ya rufe taron da tuna masa cewa a ƙarƙashin umarni yake. Sosabowski ya ce zai bi, ya kuma bi. Da kwale-kwale suka kasa a daren, aka ce 'yan Polan su miƙa nasu ga 'yan Dorset, suka miƙa.

'Yan Dorset sama da 300 suka tsallaka. Ruwa ya warwatsa su, suka sauka a gindin tudun da Jamusawa ke kai. Akasarinsu aka kashe ko aka kama, 'yan kaɗan ne suka isa wurin Urquhart. Daren da ya biyo, 25 ga wata, aka yi abin da ya rage, aka janye. Cikin ruwan sama injiniyoyin Birtaniya da na Kanada suka fito da mutum kimanin 2,400 daga cikin wajen 10,000 da suka sauka arewa da kogin. Wasu 'yan Polan na cikin waɗanda suka tsaya kare bayan masu janyewa, da yawansu aka kama. Birged ɗin ta rasa rayuka kusan 100, ban da ɗaruruwan da suka ji rauni ko aka kama.

Takardar Browning

Ranar 20 ga Nuwamba Browning ya rubuta wa mataimakin shugaban hafsoshi, Laftana Janar Ronald Weeks. Ya ce Sosabowski mutum ne mai wuyar sha'ani, mai gardama, wanda bai fahimci gaggawar aikin ba, wanda ba ya son taka rawarsa sai an shirya masa komai. Ya ba da shawarar a sauya shi da wanda ya fi shi ƙuruciya da sauƙin kai.

Ya kamata a yi wa Browning adalci a inda yake da gaskiya. Sosabowski ba mutum ne mai daɗin aiki ba. Yana da zafin rai, yana da tsanani ko ga nasa hafsoshin, yana kishin 'yancin rundunarsa har yakan ga raini a inda wataƙila gaggawa ce kawai. A tsakiyar yaƙi, kwamandan da sai ya yi muhawara a kan kowane umarni nauyi ne ga na sama da shi, kuma babu rundunar da za ta tafi in kowa sai an gamsar da shi. Wannan ƙorafi ne na gaske.

Amma a karanta takardar da kyau. Halin mutum take bayyanawa, ba ta nuna umarni ɗaya da aka ba shi ya ƙi aiwatarwa ba. An ce ya sauka Driel, ya sauka. An ce ya tsallaka, ya gwada dare biyu da abin da aka ba shi. An ce ya ba da bataliya da kwale-kwale, ya bayar. Zargin cewa sai an shirya masa komai kuwa, abin da ya nema kwale-kwale ne, kuma sojan da aka jefo daga sama da bindiga da jaka ba shi da inda zai samo su in ba daga rundunar ƙasa ba. A wurare uku da ya ɗaga murya, wato raina ƙarfin Jamusawa, batun jirgin fito, da mashigar 'yan Dorset, abin da ya faru ya gaskata shi. Su kuwa shawarwarin da suka jawo asarar, da nisan filayen sauka, da raba sawu kwana uku, da watsi da rahoton tankoki, da jinkirin gadar Nijmegen, duk a teburin da Browning ke zaune ko na sama da shi aka yanke su. Montgomery kansa, a tarihin rayuwarsa da ya wallafa a 1958, ya amsa cewa an sauke sojojin nesa da gada kuma an yi kuskuren auna ƙarfin rundunar SS. Abin da ya fi ci mini rai a wasiƙarsa ta biyu ta Oktoba shi ne bai tsaya kan janar ɗin ba, ya shafa wa ƙananan sojoji kashin kaji, mutanen da wasunsu a lokacin gawarsu na kwance a gonakin Driel da ramukan Oosterbeek.

Me ya sa abin ya yi sauƙi haka? Domin babu mai tsaya masa. Sikorski, wanda ya ɗaure wa rundunar gindi, ya mutu a haɗarin jirgi a Gibraltar tun Yulin 1943. Magajinsa a shugabancin soja, Janar Kazimierz Sosnkowski, an sauke shi ranar 30 ga Satumban 1944 bisa matsin Birtaniya. Warsaw ta miƙa wuya ranar 2 ga Oktoba bayan kwana 63. Firayim minista Stanisław Mikołajczyk ya yi murabus a ƙarshen Nuwamba a kan rikicin iyaka da Tarayyar Sobiyet. Gwamnatin da ke zaune a gidan aro, tana roƙon kada a sayar da ƙasarta, ba ta da ƙarfin yin faɗa a kan janar ɗaya. Sosabowski ya nemi a binciki zarge-zargen, bai samu ba. Ranar 26 ga Disamba 1944 aka sauke shi daga rundunar da ya gina da hannunsa, aka ba shi aikin duba sojojin gadi a bayan fage. A watan ne Browning ya tafi Kudu maso Gabashin Asiya ya zama shugaban ma'aikatan Lord Mountbatten, fagen da sojojin Afirka ta Yamma, da Hausawa da yawa a cikinsu, ke yaƙin Bama. Bayan yaƙi ya samu babban muƙami a gidan sarautar Ingila.

Sosabowski bai koma gida ba. A 1946 gwamnatin kwaminis ta Warsaw ta ƙwace wa wasu manyan hafsoshi irin su Anders da Maczek takardar zama ɗan ƙasa. Ya bar soja a 1948, ya gwada ƙananan sana'o'i, daga bisani ya kama aikin leburanci a wata masana'antar kayan lantarkin mota a unguwar Acton ta Landan, ya yi shekaru a nan har ya haura saba'in. Ya rasu ranar 25 ga Satumba 1967 yana da shekara 75. A 1969 aka kai ragowarsa maƙabartar soja ta Powązki a Warsaw.

Mutanen Driel ne ba su bar maganar ta mutu ba. Cora Baltussen ta shafe shekaru tana neman a karrama rundunar, Yarima Bernhard na Holan ya mara mata baya gab da rasuwarsa a 2004, majalisar dokokin ƙasar ta ɗauki batun. Cora ta rasu a Nuwamban 2005. Ranar 31 ga Mayu 2006, a birnin Hague, Sarauniya Beatrix ta ba birged ɗin lambar Willems-Orde, mafi girma a lambobin sojan Holan, ta kuma ba Sosabowski lambar Zakin Tagulla, jikokinsa suka karɓa. Birged ta 6 ta sojan laima da ke Kraków, wadda ke ɗauke da sunansa, ita ta karɓi ta rundunar. A Satumban shekarar aka buɗe masa dutsen tunawa a dandalin ƙauyen Driel, kuɗin kuma tsofaffin sojojin Birtaniya da suka yi yaƙin Arnhem ne suka tara daga aljihunsu.